Mayar da ayyukan ƙananan hukumomin Kano kan gajimare

Mayar da ayyukan ƙaramar hukuma kan gajimare shi ne kwashe rajistoci da manhajojin gudanar da ofis, kamar jadawalin albashi da lissafin kuɗin shiga da fayil ɗin ma'aikata, daga kabad ko kwamfutar sakatariya, a ajiye su a manyan kwamfutocin wata cibiyar bayanai da ake isa gare su ta intanet. Ƙaramar hukuma ba ta sayen na'urorin. Hayar wuri da aiki take yi, ta biya wata-wata ko shekara-shekara. A birnin Kano batun ya shafi ƙananan hukumomi 8 daga cikin 44 na jihar: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo.

Asali

Lissafin hukuma a Kano ya girmi zuwan Turawa. A ƙarni na 19 ana karɓar kuɗin ƙasa da kuɗin karofi daga marina da jangali daga masu shanu, kuɗin na bi ta hannun dagatai da jakadu har fada, abin da aka rubuta kuma da Larabci ne. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai suka ɗora mulkinsu a kan wannan tsari, aka samu hukumar En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki. Wajen 1909 zuwa 1911 aka kafa Baitulmali, inda Ma'aji ke riƙe da kuɗi da littattafai, sarki da hakimai da alƙalai kuma suka koma karɓar albashi. A daidai wannan lokaci ne malaman taki suka riƙa auna gonakin kewayen birni da ƙafa domin yanka haraji, abin da ya haifar da rajistoci masu yawa na gonaki da masu su.

Daga En'e aka gaji yawancin kayan aikin da har yau ake gani a sakatariyoyi: littafin kuɗi, baucha, rasit mai kwafi, da fayil mai igiya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e ya kawo tsari bai ɗaya a duk Najeriya. A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, wanda ya sa ƙananan hukumomi suka ƙara dogara da kason da ke zuwa daga tarayya. An cire Jigawa daga Kano a 1991, adadin ƙananan hukumomi ya tsaya a 44 tun 1996. Duk lokacin da aka raba ƙaramar hukuma sai a raba ma'aikata da fayil, kuma takarda ba ta jure yawo, balle ga gara da ƙurar hunturu da yoyon damina.

Kwamfuta ta fara shiga ne ta sashen albashi, galibi guda ɗaya a ofis ɗaya, bayanan na cikinta kaɗai. In ta lalace, ko mai riƙe da ita ya tafi, aiki ya tsaya.

Abin da ake mayarwa

Jadawali na Huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka, da sanya wa tituna suna, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Kowanne cikinsu rajista ce. Ga kuma takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ke bi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi kafin a sa hannu a sakatariya. Albashi ake fara ɗauka, domin haɗa shi da lambar BVN ko NIN na tona ma'aikatan bogi da masu karɓa sau biyu. Sai kuɗin shiga: mai karɓa ya buga rasit da na'urar POS a bakin rumfa, kuɗin ya bayyana nan take a gaban ma'aji da odita.

Doka da cibiyoyi

Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, ta fitar da manufar gajimare ta ƙasa a 2019, wadda ta buƙaci hukumomin gwamnati su fara duba gajimare kafin su sayi na'urorinsu, ta kuma rarraba bayanai gwargwadon sirrinsu da inda ya halatta a ajiye su. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Kamfanin gwamnatin tarayya Galaxy Backbone, da aka kafa a 2006, yana da cibiyar bayanai a Kano da aka buɗe a farkon 2023. Manyan masu wannan kasuwa a duniya su ne Amazon da Microsoft da Google, duka na Amurka.

Matsaloli

Gajimare na ɗauke wa sakatariya nauyin kula da manyan na'urori, amma bai raba ta da buƙatar wuta da sabis ba, shi ya sa ake haɗa wutar KEDCO, kamfanin rarraba lantarki na Kano, da sola ko janareto. Tsinkewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Maris 2024 ta tsayar da ayyukan bankuna da dama a Najeriya. Hayar da ake biya da dala ta yi tsada bayan faɗuwar naira daga 2023. Aiki mafi cin rai kuwa shi ne shigar da tsofaffin takardu, inda mutum ɗaya zai fito Muhammad a wannan fayil, Mohammed a wancan, da ranar haihuwa biyu.

Taƙaddama

Sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Kan wa zai riƙe bayanan da ke gajimare kuwa, masu goyon bayan manhaja ɗaya a hannun jiha na cewa ta fi sauƙi da arha, masu neman 'yancin ƙananan hukumomi kuma na cewa makullin jadawalin albashi a hannun ciyaman da ma'ajinsa ya kamata ya zauna.