Wasiyya ba ta cinye gado

Wai har yanzu a Kano akwai masu ganin in Alhaji ya rubuta takarda ya ce gidansa na Fagge da shagonsa na Kantin Kwari duk na masallaci ne ko Islamiyya, to shikenan magana ta ƙare. Ina! Wasiyya iyakarta sulusi, wato kashi 1 cikin 3 na abin da ya rage bayan an yi hidimar jana'iza an biya bashi. Sa'ad bin Abi Waƙƙas ya so ya bayar da fiye da haka, Annabi (SAW) ya tsayar da shi a sulusi, ya ce sulusin ma da yawa.

Wadda ta fi haɗa rigima kuwa ita ce ta ɗan lele, a ce mota ta autan amarya ce, alhali magaji ba a masa wasiyya tunda Allah ya riga ya yanka masa rabonsa, sai fa in sauran magada sun yarda bayan rasuwar, ba don kunya ba.

Mai son ba makaranta gida sukutum ya yi waƙafi ko kyauta yana da rai da lafiya, ya miƙa makulli gaban shaidu. In ya rasu bai miƙa ba, a mazhabar Malikiyya gidan ya koma gado.