Tiriyaj: me ya sa aka shiga da wadda ta zo bayanku?

Duk wanda ya taɓa raka mai naƙuda matanite, wato asibitin haihuwa, a Damagaram ya san wannan rigimar. Kun iso tun bayan isha'i, kuna zaune a benci, ƴarku na murƙususu, sai ga wata an sauko da ita daga mota, ko zama ba ta yi ba an wuce da ita ciki. Nan take ƙunƙuni ya tashi: "Ai ƴar gida ce." Ba na rantsuwa cewa son kai ba ya faruwa, amma galibi abin da kuka gani sunansa tiriyaj.

Kalmar Faransanci ce, tushenta trier, wato tsincewa, kamar yadda mace ke zuba wake a faifai ta ware mai ƙwari da tsakuwa. Ma'aikata kan gajarce ta su ce tiri. A asibiti ana nufin tantance marasa lafiya a jera su bisa ga wanda jira zai fi cutarwa, ba wanda ya riga zuwa ba. Ana danganta dabarar da Dominique Larrey, likitan fiɗa na rundunar Napoleon, wanda ya ce a fara da sojan da rauninsa ya fi muni, ko da kurtu ne, hafsa ya jira. Wurare da yawa yanzu launi ake sawa: ja ga wadda ba ta jira ko minti ɗaya, rawaya ga wadda za a gani ba da jimawa ba, tsanwa ga wadda za ta iya zama.

Na masu ciki ya fi wuya, don rai biyu ake aunawa, ɗaya kuma ba a ganinsa. Ga shi sau da yawa yarinyar da ta fito makarantar kiwon lafiya jiya-jiya, ENSP ko wata, ita ake tsayarwa a ƙofa ranar gardi, wato ranar aikin kwana. A makaranta an koya mata cuta ɗaya bayan ɗaya. A ƙofa kuwa mata biyar ne lokaci guda, kowace da uwa ko uwar miji a bayanta.

Aikin na ƴan mintuna ne. Ta dubi fuska da tafiya, ta karɓi karnen awo, wato littafin awon ciki, ta yi tambaya: wata nawa, ciki na nawa, yaushe ciwon ya fara, faya ta fashe, wane launi ruwan, akwai jini, ɗan yana motsi, an taɓa yi miki aiki, an ba ki wani jiƙo a gida? Sannan ta auna tansiyo, bugun jini, zafin jiki, ta saurari zuciyar ɗan, wadda ake so ta buga tsakanin 110 da 160 a minti.

Inda sabuwar ma'aikaciya ke faɗuwa shi ne kunnenta kan bi mai ihu. Alhali mu nan an horar da mace ta danne. Mai cikin fari ba ta kuka gaban surukai, kunya ce. Sai ki ga yarinya ƴar shekara goma sha bakwai an kawo ta daga ƙauye, ta ja hijabi ta rufe fuska, duk tambayar da aka yi tsohuwa ce ke amsawa: "Lafiyarta lau, ƴata, naƙuda ce kawai." Gogaggiyar ungozoma za ta ce, "Inna, bari ta faɗa da bakinta," ta durƙusa ta ɗaga hijabin. Fuska a kumbure, zobe ya nutse a yatsa. Da kyar za ta ce kanta ke sarawa, tana gani dishi-dishi, ƙahon zuciyarta na ciwo. A ɗaura abin awo, sai a ga 17/11, yadda muke faɗa a nan, wato 170 bisa 110. Daga 14/9 ake kiran shi hawan jini, daga 16/11 kuma ya yi tsanani. Wannan shiru-shirun ita ce ja, jijjiga na iya kama ta kowane lokaci, allurar silfat ɗin magneziyom take bukata yanzu. Mai ihun a benci kuwa wataƙila komai nata daidai yake, sai da asuba za ta durƙusa.

Jini ma yana yaudara. Mace mai ƙuruciya na iya zubar da jini mai yawa tansiyonta bai faɗi ba, bugun jini ne ke fara gudu, tafin hannu ya yi fari, ta riƙa neman ruwa. Mai tsohon ciki da ta zo da jini ba a sa mata yatsa sai an tabbatar mabiyiya ba ta tare bakin mahaifa ba, in ba haka ba awon da kansa ya ɓalle jinin. Bayan haihuwa, rabin lita ya isa a kira shi zubar jini. Cibiya ta riga ɗa fitowa, ko hannu ya leƙo, waɗannan ba a cika takarda kafin a ƙwala wa manya kira. Ni dai na fi yarda da sabuwar da ke tashin majo, wato shugabar sashe, daga barci a kan abin da ya zama ba komai, da wadda ke tsoron a ce ba ta iya ba.

Tiri kuma ba sau ɗaya ake yi ba. Wadda aka sa wa tsanwa ƙarfe goma tana iya zama ja sha ɗaya, dole a koma benci a sake dubawa. A CSI, wato ƙaramin asibitin karkara, wajen Tanut ko Gure, ma'anarsa ta ƙara nauyi, domin can tambayar ita ce: a riƙe ta ko a kira ambilans zuwa asibitin gunduma ko Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro ta Zinder? Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka bayyana jinkiri uku da ke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawara a gida, na hanya, da na samun kulawa bayan an iso. Tiriyaj maganin na ukun ne.

Ƴan rakiya ma da nasu hannu a ciki. Ku zo da karne, ku faɗi abin da aka ba ta a gida ba ɓoye-ɓoye, ba duka za a yi ba. In jini ne, kada ku tsaya wanke zanen da ya jiƙe, ku ƙunso shi a leda. Da ganinsa ungozoma za ta ƙiyasta abin da ya zuba.