Gasar Zakarun Ƙungiyoyin Ƙwallon Ƙafa ta Mata ta Afirka

Gasar Zakarun Mata ta Afirka gasa ce da Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ke shiryawa duk shekara tsakanin ƙungiyoyin mata da suka lashe gasar ƙasashensu. An amince da kafa ta a ranar 30 ga Yuni, 2020, a zaman da aka soke gasar cin kofin nahiya ta mata ta wannan shekarar saboda annobar korona. Afirka ta makara a wannan fage, domin Turai ta fara tata tun 2001, Kudancin Amurka kuma a 2009.

Tsari

Ƙungiyoyi 8 ne ke zuwa matakin ƙarshe, ana raba su rukuni biyu, duk wasannin kuma a ƙasa guda ake yin su. Kafin nan kowace daga shiyyoyin CAF 6 kan yi wasannin share fage ta fitar da gwarzuwarta, sai a ƙara da mai riƙe da kofi da wakiliyar mai masaukin baƙi. Najeriya da Nijar da Ghana duk suna shiyyar WAFU B, ɗaya daga shiyyoyi biyu na Yammacin Afirka, wato gurbi ɗaya suke takara a kai. Wannan ya sa zama zakara a gida ba ya tabbatar wa ƙungiyar Najeriya zuwa gasar. Haka ta faru da Delta Queens a 2023, lokacin da Ampem Darkoa ta Ghana ta tare mata hanya.

Tarihi

An buga karo na farko a Alƙahira cikin Nuwamba 2021. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta doke Hasaacas Ladies ta Ghana da ci 2-0, ta ɗauki kofin ba tare da an zura mata ko ƙwallo ɗaya ba. Shekarar da ta biyo baya AS FAR, ƙungiyar sojojin Maroko, ta lallasa Sundowns 4-0 a Rabat, Ibtissam Jraidi ita kaɗai ta ci uku. Sundowns ta sake karɓe kofin a 2023 a Kwaddebuwa. A 2024 TP Mazembe ta Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta ci AS FAR 1-0 har gida, AS FAR kuma ta dawo ta lashe na 2025 a Masar. Kyautar zakara ta tashi daga dala 400,000 a 2022 zuwa 600,000 a 2024.

Duk waɗanda suka ɗaga kofin nan reshe ne na manyan kulob ɗin maza masu kuɗi da filin atisaye da likitoci, kuma wannan shi ya fi bayyana nasararsu.

Najeriya

Abin mamaki, ƙasar da tawagarta ta mata, Super Falcons, ta fi kowa lashe kofin Afirka ba ta kai wasan ƙarshe na wannan gasa ba ko sau ɗaya daga 2021 zuwa 2025. Rivers Angels ta fita tun a rukuni a 2021, Bayelsa Queens ta zo ta uku a 2022, Edo Queens ta huɗu a 2024. Dalili a fili yake: yawancin ƙungiyoyin na gwamnatocin jihohi ne, fitattun 'yan wasa kuma da zarar sun yi suna sai su tafi Turai ko Amurka.

Dukkan wakilan Najeriya zuwa 2025 daga kudu suka fito.  Zakarar wannan gasa ce ke wakiltar Afirka a sabuwar gasar zakarun nahiyoyi ta mata da FIFA ta ƙirƙiro, wadda aka kammala karonta na farko a Landan a farkon 2026, AS FAR ce kuma ta je da sunan nahiyar.