Waiwaye: Kano Pillars da Gardamar Masu Horarwa

Duk ranar da Kano Pillars ta sha kashi, teburin mai shayin unguwarmu ba ya tashi da wuri. Kafin a sauke kaskon ƙwai na farko an riga an kori koci, an ɗauko wani, shi ma an sallame shi. Dattawan teburin kowa da gwaninsa. Wannan ba ya son jin sunan kowa sai Kadiri Ikhana, wancan ya rantse tun da aka kafa ƙungiyar ba a yi kamar Babaganaru ba. Samarin da suka buɗi ido da ƙwallon Turai a gidajen kallo kuwa cewa suke yi duk tsohon yayi ne, a nemo Bature kawai. Na yi shekaru ina cikin wannan gardama, da bakina a ciki. Sai da na zauna na bi tarihin ƙungiyar kaka bayan kaka, sannan na ga cewa sunayen masu horarwa suna ta canzawa, amma abu ɗaya ne yake ɗaga Pillars, kuma rashinsa ne yake kayar da ita: gida.

An kafa Pillars a 1990, shekarar da aka fara gasar ƙwararru a Najeriya, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku na Kano wuri guda: WRECA, Golden Stars da Bank of the North. Ba ita ce ta kawo wa Kano ƙwallo ba. Tun 1953 tawagar Kano ta ɗauki kofin ƙalubale, Raccah Rovers kuma ta ci gasar ƙasa a 1978. Sabuwar ƙungiyar, wadda gwamnatin jiha ke riƙe da ita, sai da ta shekara goma sha takwas tana nema kafin ta ɗauki kofin gasa na farko a 2008. Ikhana ne ya kawo shi, mutumin da ya ci wa Enyimba kofin Zakarun Afirka a 2003. Shi ya sa har yau masoyansa ke cewa shi ya koya wa Pillars yadda ake cin kofi, sauran duk a inuwarsa suka sha iska.

Masu neman Bature su ma suna da hujjarsu, kuma ba ƙarama ba ce. A 2009, ƙarƙashin Ivo Sajh ɗan ƙasar Sulobeniya, Pillars ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar Zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin. An tashi 1-1 a Najeriya, aka je Alƙahira aka yi 2-2, ƙwallayen waje suka ba Pillars nasara. Daga nan ta shiga rukuni ɗaya da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta fito har wasan kusa da na ƙarshe. Ba a taɓa kaiwa nan ba kafin lokacin, ba a kuma sake kaiwa ba. Amma da zarar an kawo wannan magana a teburi, sai wani dattijo ya ajiye kofinsa ya ce, "To ɗana, ƙarasa labarin mana." Ƙarashen labarin shi ne Heartland ta Owerri, 'yar gida Najeriya, ta yi wa Pillars 5-0 a wasanni biyu.

Kakar da ta biyo baya ta fito da wani yaro mai gudu kamar barewa, Ahmed Musa, wanda ya zura ƙwallo 18 a gasar kafin ya wuce VVV Venlo ta Holan. Sai kuma zamanin da kowa ke kewa: kofi uku a jere, 2012, 2013 da 2014. Biyun farko a hannun Mohammed Babaganaru aka ɗaga su, na ukun a hannun Okey Emordi, wanda shi ma ya taɓa ci wa Enyimba kofin Afirka a 2004. Nan ma gardama ba ta ƙarewa. Masoya Babaganaru cewa suke yi Emordi dafaffen abinci ya tarar, cokali kawai ya sa. Masu kare Emordi su ce riƙe gado ya fi kafa shi wuya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, 'yan wasan da suka ci kofunan nan kusan su ne dai: Rabi'u Ali da ake kira Pele a tsakiya, Gambo Mohammed a gaba, Theophilus Afelokhai a raga. Sun daɗe tare, sun san juna, sun san filin.

Filin nan shi ne maganar. Kawuna ne ya fara kai ni filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Mukan fita bayan azahar, mu ratsa ta gefen marina, tun daga nesa kana jin ganga. Masu rake da masu gurasa sun jeru a bakin ƙofa, 'yan sanda na tura layi, kowa ya ɗaura wani abu mai launin rawaya da kore. Kawu yakan riƙe hannuna gam har mu hau benen kallo, ya ce, "Ka zauna nan, kada ka motsa." Idan 'yan wasa suka fito daga ɗakin sauya kaya, sai filin gaba ɗaya ya ɗauka da murya guda: "Sai masu gida!" Ina jin sautin a ƙirjina kafin in ji shi a kunne. Na ga baƙin 'yan wasa suna waige-waige tun ba a busa usur ba. A lokacin ba ma tambayar ko za a ci, tambayarmu ita ce nawa za a ci.

Kuma ba zato ba ne. Daga 2003 zuwa 2015, wasa 202 na gasa Pillars ta buga a gida ba a doke ta ba. Shekara goma sha biyu. Masu horarwa da yawa sun zo sun tafi a tsakanin nan, masu kyau da marasa kyau, tarihin bai karye ba. Dole kuma in faɗi abin da abokan hamayya ke faɗa, don akwai ƙamshin gaskiya a ciki: a gasar Najeriya ta wancan zamani, cin wasa a waje abu ne mai wuyar gaske ga kowa, alƙalan wasa kuma suna busa usur ne da sanin cewa dubban mutane na kewaye da su. Pillars ba ita kaɗai ta ci moriyar wannan ba, sai dai babu wadda ta kai ta yawan jama'a.

Gasar Afirka ce ta riƙa tona abin da kofunan gida suka rufe. A 2013 Pillars ta ci AC Leopards ta Kongo 4-1 a gida, ta je can aka yi mata 3-0, ta fita. A 2014 AS Vita ta Kinshasa ta cire ta tun a zagayen share fage. A 2015 Moghreb Tetouan ta yi mata 4-0 a Maroko, cin 2-1 da aka yi a Kano bai hana komai ba. A 2019 aka ci Asante Kotoko 3-2 a Ƙofar Mata, aka je Kumasi aka sha 2-0. Masu horarwa daban-daban ne suka jagoranci waɗannan tafiye-tafiye, ciwon kuwa iri ɗaya. Ƙungiyar da ƙarfinta ya dogara da ihun jama'arta, idan ta sauka a filin da babu mai kiran sunanta, sai gwiwa ta yi sanyi. Ban taɓa jin an tsaya a kan wannan a teburin shayi ba. Koci ake zagi, a wuce.

Shekarar 2015 ce ta fara juya al'amura. A watan Maris 'yan fashi suka buɗe wa motar ƙungiyar wuta a hanyarta ta zuwa Owerri wasan farko na kaka, 'yan wasa biyar suka ji rauni, har da Gambo Mohammed. Da wannan jiki aka tafi Maroko. Kafin kakar ta ƙare, Nasarawa United ta zo har Kano ta ci 2-1, tarihin shekara goma sha biyu ya tsinke. Daga nan kujerar koci ta zama ta haya. Aka sallami Emordi, aka dawo da Babaganaru, aka dawo da Ikhana. Mutanen da ake rantsuwa da sunansu kenan, kowanne ya dawo, babu wanda ya maido da kofin gasa. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai gardama ya yi shiru na ɗan lokaci.

Labarin Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, shi ya fi nuna yadda muke yanke wa masu horarwa hukunci. A watan Oktoba na 2018, a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba, Pillars na gaba da Enugu Rangers da ci 3-0. A gidan kallon da nake, wasu sun riga sun fita tayar da babura don zagayen gari. Cikin kusan minti goma sha biyar na ƙarshe Rangers ta farke duka ukun, ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. Ban taɓa jin shiru irin na wannan dare ba. Mai gidan kallon ya kashe janareta, mutane suna zaune a duhu ba wanda ya tashi. Washegari babu sunan da ba a kira Jugunu da shi ba. Wata tara bayan haka, a Yulin 2019, a filin Ahmadu Bello na Kaduna, shi dai wannan mutumin ya doke Niger Tornadoes a bugun fenariti ya kawo kofin ƙalubale Kano, karo na farko tun 1953. Bakunan da suka zage shi su suka yi masa kirari.

A wannan shekarar ne kuma wata alama ta bayyana wadda muka ƙi karantawa. A wasannin fitar da zakaran gasa da aka yi a Agege ta Legas, bayan kunnen doki da Rangers, magoya baya suka afka cikin fili, aka ci tarar ƙungiyar, aka dakatar da kyaftin Rabi'u Ali. Muka ce an zalunce mu, muka wuce.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Aka ɗauko Bafaranshe Lionel Soccoia a 2020, bai yi nisa ba ya tafi, masu kiran Bature suka rasa ta cewa. Ƙungiyar ta koma buga wasannin gidanta a Kaduna. Ahmed Musa ya dawo na ɗan lokaci a 2021. Aka kawo Salisu Yusuf, wanda ya yi aiki da Super Eagles. A Afrilun 2022, da aka samu aka dawo Ƙofar Mata bayan dogon rashi, wasa da Katsina United ya watse a rikici, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasa ta ci tara, ta sake kwashe Pillars daga Kano. Kafin kakar ta ƙare an sake samun cin zarafin alƙalin wasa, an zaftare maki, ƙungiyar da ta ci gasa sau huɗu ta faɗa rukuni na biyu tare da Katsina United da MFM da Heartland, wadda suka yi wasan kusa da na ƙarshe na Afirka da ita shekara goma sha uku kafin nan.

Babu kocin da ya jefi mota da dutse. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na masu horarwa. Ba ina cewa ba su da nasu ba. Akwai canjin 'yan wasa da aka yi ba daidai ba, akwai wasannin da aka shiga ba shiri. Akwai kuma matsalar da ta fi su ƙarfi, ta ƙungiyar da gwamnati ke naɗa wa shugabanni, kwamiti ya zo da mutanensa, wani ya zo ya share, koci ya yi rashin nasara biyu a ba shi wa'adin wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa. Da irin wannan tsari ko wa aka kawo ba zai gina abin da zai daɗe ba. Amma makin da hukuma ta cire, da wasannin gida da aka buga a garin wasu ba kowa a benen kallo, waɗannan daga wajenmu suka fito.

Pillars ta dawo babbar gasa a 2023. Abdu Maikaba ya karɓa, bayansa Usman Abdallah, ɗan Kano da ya ci wa Enyimba gasa a 2019. Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka dawo gida a 2024, filin ya sake cika, Rabi'u Ali yana ta zura ƙwallo da shekara sama da arba'in. A Yulin 2025 gwamnatin jiha ta naɗa Ahmed Musa babban manajan ƙungiyar. Na ɗauka an ɗauki darasi. Na ma je na ce wa kawu, wanda yanzu ƙafa ba ta barinsa hawa benen kallo, "Kawu, gida ya dawo." Ya ce Allah ya sa.

A watan Oktoba na 2025, Shooting Stars ta Ibadan ta farke ƙwallo a ƙarshen wasa a Ƙofar Mata, aka tashi 1-1. Mutane suka tsallaka cikin fili, aka far wa alƙalan wasa da baƙin 'yan wasa. Hukumar gasa ta cire maki uku, ta ci tara, ta rufe filin. A daren nan a teburin shayi, maganar koci aka fara yi. Wasannin gida kuwa aka mayar da su Katsina, garin da aka farfasa wa motar 'yan wasa a 2022.