Arsenik Salfaid Marar Tsari da Tururinsa

Arsenik salfaid sinadari ne da ke samuwa idan arsenik ya haɗu da farar wuta. Wanda aka fi sani shi ne As2S3, wato zarra 2 ta arsenik ga zarra 3 ta farar wuta. A ƙarƙashin ƙasa yana fitowa ne a matsayin dutsen orpimen, ruwan ɗorawa mai sheƙi, wanda mutanen zamanin da suke niƙawa su yi fenti. Yana narkewa a wajen digiri 310 na ma'aunin Salshiyas. Idan ya huce bayan narkewa, da wuya ya koma kiristal, wato mai zarrori a jere cikin tsari; gilashi yake zama, ja mai duhu. Shi ake kira marar tsari.

A kiristal da gilashi duka, kowace zarrar arsenik tana zaune ne a kan zarra uku na farar wuta, kamar tukunya a kan duwatsun murhu. Kowace zarrar farar wuta kuma tana riƙe da arsenik biyu, ita ce mahaɗarsu. Tazarar da ke tsakanin arsenik da farar wuta ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na nanomita ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). A orpimen, waɗannan rukunoni suna jeruwa shimfiɗa bisa shimfiɗa, shi ya sa dutsen ke ɓarewa falle-falle. A gilashi kuwa, kowace zarra tana nan da maƙwabtanta na kusa, sai dai kusurwar mahaɗar tana karkata nan da can, har jerin ya ɓace gaba ɗaya in an ɗan yi nisa. Wannan ya dace da bayanin da masanin kimiyya Zachariasen ya yi a 1932 game da ginin gilashi.

Inda abin ya fi ban sha'awa shi ne tururin. Idan aka gasa gilashin a wurin da aka zuƙe iska, ba ya tashi yadda yake. Ginin yana wargajewa, zarrori su dunƙule su zama ƙananan molekul masu siffar keji. A 1944 masu bincike Lu da Donohue sun harba elektiron cikin tururin, suka bayyana siffar As4S6 da As4S4. Na farkon, kowace arsenik cikin huɗun tana haɗe da 'yan'uwanta uku ta hanyar farar wuta. Na biyun shi ne molekul ɗin jan dutsen nan riyalga: farar wuta huɗu a tsakiya, arsenik biyu a sama, biyu a ƙasa, kowane biyu suna riƙe da juna kai tsaye. Zafi na ƙaruwa, As4S6 na rabuwa zuwa As4S4 da S2, daga nan ƙananan gutsattsari su biyo baya.

Dole a faɗi wannan ƙarara: in aka ƙona arsenik salfaid a sarari, iska na mayar da shi As2O3, farar guba mai kisa, tare da hayaƙin farar wuta mai shaƙe numfashi.

Da tururin ya sauka a kan faranti mai sanyi, sai ya daskare nan take, ya bar ɗan siririn fim. Molekul ɗin ba su sami sukunin sake ɗinkewa ba, don haka fim ɗin cike yake da kejin As4S4, da arsenik haɗe da arsenik, da farar wuta haɗe da farar wuta. Sinadaransa kusan ɗaya ne da na gilashin da aka narkar, amma gininsa daban. Na'urar Raman, mai gano ginin abu ta hanyar haska masa haske, tana nuna haka a fili: a zanen da take fitarwa, gilashi yana ba da tudu ɗaya mai faɗi a wajen 340 na ma'auninta, sabon fim kuwa yana ƙara wasu tsinaye masu kaifi. In aka ɗumama shi kusa da digiri 180, ko aka haska masa haske, kejin na buɗewa su shiga ginin, fim ɗin ya ƙara duhu, yadda yake narkewa a ruwan alkali ma ya canza.

Da wannan hali ake zana ƙananan layuka a kan fim ɗin da haske. Gilashin kuma yana barin hasken infirared, wanda ido ba ya gani, ya ratsa shi, abin da masani Schultz-Sellack ya lura da shi tun 1870, shi ya sa ake yin tabaran na'urorin gano zafi da zaren haske da shi. A tsakiyar shekarun 1950 ne Goryunova da Kolomiets, a Cibiyar Ioffe da ke Leningrad, suka nuna cewa gilasan wannan dangi suna wuce da lantarki tsaka-tsaki.