Haddon Hall

Haddon Hall wani tsohon gidan dutse ne a yankin Derbyshire na ƙasar Ingila, kusa da garin Bakewell, yana zaune a kan tudu yana kallon kogin Wye. Tun ƙarni na 12 aka ɗora harsashinsa amma ba a rana ɗaya aka gama ba, duk zuriyar da ta zo sai ta ƙara nata har zuwa farkon ƙarni na 17, shi ya sa za ka ga bango manne da bango alhali tsakaninsu akwai shekaru ɗaruruwa.

Da dutsen yankin aka gina shi, galibi dutsen farar ƙasa da wani mai yashi-yashi. Tsakar gida biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa, a tsakiyarsu kuma ga babban zauren cin abinci da aka yi wajen 1370, kicin na nan kusa da shi da murhu da tsoffin katakan saran nama. Ɗakin da ya fi ɗaukar ido shi ne dogon falon nan mai tsawon ƙafa 110, an lulluɓe bangonsa da katako, tagogi ta ko'ina, nan masu gida ke zagayawa su miƙe ƙafa in ruwan sama ya hana fita.

Iyalan Vernon ne suka riƙe gidan kusan shekara 400. A 1563 Dorothy Vernon ta auri John Manners, ta nan gidan ya koma hannun dangin Manners, kuma har yau nasu ne.

A 1703 aka naɗa magajinsu Duke na Rutland, wato wata babbar sarauta ta Ingila, sai iyalin suka tattara suka koma fadar Belvoir, aka rufe Haddon kusan shekara 200 ba kowa sai masu gadi. Ni a ganina wannan watsin da aka yi da shi ne ya cece shi, don lokacin ne attajiran Ingila ke rushe tsoffin gidaje suna gina na yayi, shi kuwa ba wanda ya taɓa shi.

Duke na 9 ne ya dawo ya gyara shi a shekarun 1920, da hannu mai taushi. A ɗan cocin gidan an kankare farar ƙasar da aka shafe bango da ita, sai ga zanen ƙarni na 15 ya fito, na waliyyi Christopher yana tsallaka ruwa da kifaye kewaye da ƙafafunsa.