Ma'anar C of O, da abin da takardar ba ta faɗa

Da zarar dillalin fili a Gombe ya ga kana jan ƙafa, sai ya ce, "Alhaji, ai akwai C of O." Mu da Hausa takardar shaidar mallaka muke ce mata, amma sunan ya ɗan fi ƙarfinta. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna. Abin da takardar ke cewa kawai shi ne an ba wane izinin zama a fili kaza, galibi na shekara 99, yana biyan kuɗin ƙasa. Gonakin karkara kuwa ƙaramar hukuma ke ba da izininsu.

Takardar ba ta wanke asali. Kotun Ƙoli ta sha yanke hukuncin cewa in wanda ya karɓo ta ba shi da haƙƙi a filin tun farko, mai haƙƙin gaskiya na iya ture ta. Shi ya sa lauya mai hankali salsalar filin yake fara bi: wa ya sare dajin, wa ya gada, wa ya sayar. Kuma sayarwa ce, ko aro, ko jingina? Gonaki da yawa da jikoki ke rantsuwa a kansu yau, jingina ce da ba a fansa ba.

Bin salsala aikin ƙafa ne. A Gombe ana fara duba fayil a ofishin GOGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar, sai dai a tuna jihar ba ta rabu da Bauchi ba sai 1996, Bauchin ma kafin 1976 Maiduguri ce hedkwatarta, kafin 1967 kuma Kaduna. Tsohon fayil yana iya kasancewa ba a Gombe aka buɗe shi ba. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da takardun Lardin Bauchi, amma haraji da iyakokin gundumomi suka fi yawa a ciki, ba gonar wane ba.

A ganina abin da ya fi amfani yana kusa da gida: kwafin rabon gado daga kotun shari'a, takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci, wani lokaci da ajami a ƙasan adakar tsohuwa. Sai kuma maƙwabtan gona na gabas da yamma, kudu da arewa, waɗanda suka san kukar da aka yi iyaka da ita tun kafin a kafa siminti mai lamba.